Hunturun Amurka: Yadda ake karanta hasashen dusar ƙanƙara kafin guguwa ta iso

Daga Disamba zuwa Maris, duk wanda ke cikin zaurukan WhatsApp na ƴan Nijar mazauna Amurka da Kanada ya san taswirar nan. An shafe gabashin Amurka da shuɗi da ja, an rubuta lamba a kan kowane birni, a ƙasa kuma wani ya ƙara da cewa a yi hattara, inci 30 na dusar ƙanƙara na tafe. Kafin a jima taswirar ta iso Maraɗi da Damagaram, iyaye sun fara buga waya suna tambayar lafiya. Bayan kwana biyar, wani lokaci dusar ko ƙasa ba ta rufe ba. Wani lokaci kuma abin da ya sauka ya zarce abin da aka faɗa.

Ga wanda ke aikin ofis, kuskuren hasashe bai wuce ya buɗe kwamfuta a gida ba. Ƴan uwanmu da yawa kuwa a kan titi abincinsu yake: masu kai abinci a keke a unguwannin Bronks da Harlem na birnin Niyok, direbobin tasi da na Uber, ma'aikatan sito da masana'antu a Greensboro ta jahar Karolina ta Arewa inda ƴan Nijar suke da yawa, da direbobin manyan motoci masu ratsa jahohi. Idan ɗayansu ya zauna gida kwana biyu a banza, kuɗin haya da na aike gida ne suka ragu. Idan kuma ya fita ranar da bai kamata ba, ransa ya ɗora a kan hanya. Shi ya sa sanin yadda ake karanta hasashen ya zama wani ɓangare na sana'a.

Daga ina lambar take fitowa?

Hukumar kula da yanayi ta Amurka, NWS, wadda ke ƙarƙashin NOAA, tana da ofisoshi 122 a faɗin ƙasar, kowane da yankin da yake yi wa hasashe. Sau biyu a rana ake sakin balan-balan ɗauke da na'urori, su hau sama suna auna zafi, danshi da ƙarfin iska. Ana haɗa wannan da bayanan taurarin ɗan adam, jiragen sama da na ruwa, a zuba cikin manyan kwamfutoci da ke lissafa yadda iska za ta motsa a kwanaki masu zuwa.

Tsarin lissafi biyu ne suka fi suna. Na Amurka shi ne GFS, ana sabunta shi sau huɗu a rana, yana hangen kwana 16. Na Turai kuwa na cibiyar ECMWF ne, mai hedkwata a Reading ta Ingila, manyan kwamfutocinta kuma suna Bolonya ta Italiya. Tun watan Fabrairun 2025 cibiyar ta ƙara da wani tsarin mai aiki da ƙirƙirarriyar basira, AIFS.

Abin da mai tura taswira ba ya faɗa shi ne, ba sau ɗaya ake yin lissafin ba. Masana sun san awonsu na farko ba ya rasa ɗan kuskure, don haka sukan maimaita lissafin sau da yawa, kowane karo su ɗan canja bayanan farawa. Turawan ECMWF suna fitar da sakamako 51, Amurkawa 31. Idan yawancin sakamakon suka zo ɗaya, masana su samu natsuwa. Idan suka watse, wani ya ce inci 2, wani ya ce inci 30, to ba a san komai ba tukuna. Taswirar da ke yawo a Facebook da TikTok mako guda kafin guguwa galibi sakamako ɗaya ce daga cikin waɗannan, kuma mai neman mabiya ba zai zaɓi mai inci 2 ba.

NOAA da kanta ta ce hasashen kwana biyar yana dacewa kusan kashi 90 cikin ɗari, na kwana bakwai kusan kashi 80, na kwana goma kuwa rabi da rabi ne. Wannan ƙiyasi na yanayi ne gaba ɗaya. Yawan dusar da za ta sauka a gari guda ya fi haka wuyar sani.

Me ya sa dusa ta fi ruwan sama wuyar hasashe?

Dalili na farko, dusa kumbura take yi. A matsakaicin ƙiyasi, ruwan da zai cika santimita 1 idan ya sauko a matsayin dusa yakan zama santimita 10. Idan sanyi ya tsananta, dusar ta yi sakayau kamar auduga, yana iya zama santimita 20. Idan kuma jiƙaƙƙiya ce mai nauyi, bai fi 5 ko 6 ba. Ke nan kuskuren da manomin Tawa ba zai ma lura da shi ba a ruwan damina, a dusa sai ya ninka sau goma.

Na biyu, digiri ɗaya ko biyu ke raba dusa da ruwan sama. A cikin guguwa ɗaya akwai layin da arewacinsa dusa ke sauka, kudancinsa kuma ruwa. A tsakaninsu akwai abin da ya fi duka haɗari, wato ruwan da ke sauka a matsayin ruwa amma ya daskare da zarar ya taɓa ƙasa, ya lulluɓe titi da wayoyin lantarki da rassan itatuwa kamar gilashi. Manyan biranen gabas, daga Washinton zuwa Bostan, sau da yawa a bakin wannan layi suke, saboda tekun Atlantika da ke kusa yana turo iska mai ɗumi.

Na uku, dusa mafi yawa takan zuba ne a wani siririn zirin da faɗinsa bai wuce ƴan gomman kilomita ba, kuma ba a cika sanin inda zirin zai tsaya ba sai ana saura awoyi.

Birnin Niyok ya ga wannan ta fuska biyu cikin shekara guda. A ƙarshen Janairun 2015 an yi hasashen inci 20 zuwa 30. Gwamnan jahar na lokacin, Andrew Cuomo, ya hana zirga-zirgar motoci, ya kuma rufe jirgin ƙarƙashin ƙasa, karon farko da aka yi haka saboda dusa. Gari ya waye, inci 9.8 kawai aka auna a dandalin Central Park, wato santimita 25. Jama'a suka yi ta ba'a, har wani shugaban ofishin hasashe ya fito a Twitter ya nemi afuwa. Amma guguwar ta zo da ƙarfin da aka ce, gabas kawai ta ɗan karkata. A Islip da ke tsibirin Long Island, nisan da bai kai na Maraɗi zuwa Tasawa ba, an samu fiye da inci 20, Bostan kuma ta samu fiye da 24.

A Janairun 2016 sai aka samu akasin haka. Hasashen farko ya nuna Niyok a gefen guguwar take, Washinton ce za ta sha nauyin. Ana gab da saukarta aka yi ta ɗaga lambar, a ƙarshe aka auna inci 27.5, kusan santimita 70, mafi yawa da aka taɓa aunawa a birnin daga guguwa ɗaya. Wanda ya ce an ruɗe shi bara don haka bana ba zai saurara ba, shi ne ya kwana a hanya.

Buffalo: an yi hasashe daidai, mutane sun mutu

Darasi mafi nauyi ya fito ne daga Buffalo, a yammacin jahar Niyok, gaɓar tafkin Erie. Idan iska mai tsananin sanyi ta ratsa saman tafkin kafin ruwansa ya daskare, takan kwashi danshi ta juye shi a kan garin. A watan Nuwamban 2022 wasu garuruwan kudancin Buffalo sun samu dusar da ta kai mita 2, amma waɗanda suka rasu ƙalilan ne. Bayan wata guda, daga 23 ga Disamba, wata guguwar ta zo. Dusar da aka auna a filin jirgin sama ta ɗan haura inci 50, kimanin santimita 130, ƙasa da ta Nuwamba. Mutum 47 suka mutu a yankin.

Bambancin iska ce. Ta riƙa kaɗawa da ƙarfin da ya haura kilomita 110 a awa, ta ɗauki dusar tana watsawa, har mutum ba ya ganin gaban motarsa, kuma aka shafe kimanin awa 37 a haka. Wanda ya taɓa shiga baƙin hadarin ƙura a hanyar Agadas zai gane kamannin, sai dai a nan ga sanyin da ke ƙasa da sifiri sosai. A ma'anar hukumar NWS, guguwar da ake kira "blizzard" ba da yawan dusa ake auna ta ba: iska ce mai gudun kilomita 56 a awa ko fiye, ganin gaba bai kai mita 400 ba, na tsawon awa uku aƙalla.

Masana hasashe ba su yi kuskure ba a Buffalo. Kwanaki kafin ranar sun faɗi cewa irin wannan guguwa sau ɗaya ake ganinta a zamani guda. Amma dokar hana tuƙi ta gundumar Erie ba ta fara aiki ba sai ƙarfe 9:30 na safiyar Juma'a, lokacin da da yawa sun riga sun fita aiki ko sayayyar Kirsimeti. An tsinci wasu a cikin motoci, wasu a kan titi, wasu a gidajen da wuta ta ɗauke, wasu kuma motar ɗaukar marasa lafiya ta kasa isa gare su. Cikin mamatan har da wani matashi ɗan gudun hijira daga Kwango da ya fita sayo kayan masarufi. Binciken da Jami'ar Niyok ta yi wa birnin, wanda aka fitar a 2023, ya nuna gargaɗin bai isa ga jama'a yadda ya kamata ba, kuma baƙar fata sun fi yawa cikin mamatan fiye da kasonsu a yawan mazauna.

A nan ne batun ya tashi daga kimiyya ya koma na talauci. Mai albashin wata yana iya cika firij tun ranar Laraba. Mai jiran biyan Juma'a, ko wanda mai gidansa bai ce a zauna gida ba, ko wanda ke tsoron rasa aiki saboda takardunsa ba su cika ba, shi ne zai fita duk da ya ji gargaɗin. Baƙin haure da sababbin zuwa a wannan rukuni suke.

Kudu ba mafaka ba ce

Akwai masu ganin cewa tunda suna Atlanta, Houston ko Greensboro, maganar dusa ta ƴan arewa ce. Tarihi bai goyi bayansu ba. Garuruwan kudu ba su da isassun motocin share hanya da zuba gishiri, direbobi ba su saba ba, gidaje kuma ba don sanyi aka gina su ba. A ranar 28 ga Janairun 2014 dusar da ba ta kai inci 3 ba ta tsayar da Atlanta cak, mutane suka kwana a motoci, yara suka kwana a makarantu. A farkon Janairun 2022 direbobi sun maƙale fiye da awa 24 a babbar hanyar I-95 a jahar Virginia, cikinsu har da Sanata Tim Kaine. A Janairun 2025 kuma dusa ta rufe New Orleans da arewacin Florida, inda wasu ba su taɓa ganinta ba tunda aka haife su.

Mafi muni shi ne na Teksas a Fabrairun 2021. Sanyi ya daskarar da bututun gas da na'urorin tashoshin lantarki, gidaje sama da miliyan huɗu suka rasa wuta, hukumomin jahar suka ƙidaya mutum 246 da suka mutu. Wasu ba sanyin ne ya kashe su kai tsaye ba, dabarar neman ɗumi ce: kunna gawayi a ɗaki, barin mota tana aiki a rufaffen gareji, ko shigo da janareto cikin gida. Duk waɗannan suna fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari ko launi. Wannan ya shafe mu kai tsaye, domin mun taso muna ganin ana shiga da kaskon wuta ɗaki lokacin ɗari, ana kuma dafa shayi a kan gawayi. Ɗakunanmu na gida suna da kafofin shan iska. Gidan Amurka an toshe shi ko'ina don kada ɗumi ya fita, haka ma gubar ba ta fita.

Na'urar ɗumama ɗaki ta lantarki ma tana da nata haɗarin. A ranar 9 ga Janairun 2022 wata irinta ta haddasa gobara a wani dogon bene a Bronks, mutum 17 suka rasu, takwas yara ne, galibinsu ƴan asalin Gambiya. A birnin Niyok doka ta wajabta wa mai gidan haya ya samar da ɗumi daga 1 ga Oktoba zuwa 31 ga Mayu: da rana aƙalla digiri 20 a ma'auninmu idan waje ya yi sanyi, da dare kusan 17. Wanda aka hana shi yana da damar kai ƙara ta layin 311 na birnin, maimakon ya jera na'urori uku a soket ɗaya.

Siyasa ta shiga hasashe

Ingancin hasashe ya dogara ne da mutane da kuɗi, kuma a nan an samu sauyi. A farkon 2025, a shirin gwamnatin Donald Trump na rage ma'aikatan tarayya, hukumar NWS ta rasa ma'aikata kusan 600 ta hanyar kora da ritayar wuri. Wasu ofisoshi sun dakatar ko sun rage sakin balan-balan, ciki har da na Kotzebue a Alaska, Omaha, da Albany a jahar Niyok. Masana sun nuna damuwa domin awon da aka yi a yamma da tsakiyar ƙasar yau shi ke shiga lissafin guguwar da za ta isa gabas jibi. Daga baya an ba hukumar izinin sake ɗaukar ɗaruruwan ma'aikata, sai dai ƙwararren da ya shekara ashirin yana lura da yanayin yanki guda ba a maye gurbinsa cikin wata ɗaya.

A watan Afrilun shekarar kuma hukumar ta dakatar da fassara sanarwarta zuwa wasu harsuna, ciki har da Faransanci, saboda kwangilar aikin ta ƙare, kafin a maido da ita bayan ƴan makonni. Ga sabon zuwa daga Yamai wanda Turancinsa bai nuna ba, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ya kuma nuna cewa ƙungiyoyin ƴan ƙasa, masallatai da shugabannin zaurukan WhatsApp su ne gadar ƙarshe tsakanin gargaɗin hukuma da kunnen jama'a, don haka abin da suke turawa ya kamata ya zama sahihi.

Mu ma a gida mun san wannan giɓi. A Yamai cibiyoyin AGRHYMET da ACMAD suke, kuma a 2024 hasashen damina ya nuna tun da wuri cewa ruwa zai wuce yadda aka saba a Sahel. Duk da haka ambaliya ta kashe mutane kusan 400 a Nijar, ta rusa tsohon masallacin Damagaram. Sanin abin da ke tafe daban, samun halin kauce masa daban.

Abin da ya kamata a duba

Idan guguwar saura mako guda ko fiye, abin da za a ɗauka kawai shi ne akwai yiwuwar wani abu. Lambar da ke kan taswira ba ta da amfani. Saura kwana uku zuwa biyar, ana iya sanin yankin da abin zai shafa da ranar, kuma lokacin ne na sayen abinci, magani da madarar yara, da neman canjin ranar aiki ko tafiya. Ba a fafe gora ranar tafiya. Saura kwana ɗaya ko biyu ne lambobi suke fara zama abin dogaro.

A shafin hukumar, weather.gov, mutum zai sa lambar unguwarsa ya ga hasashen ofishin yankinsa. Ofisoshin sukan fitar da lamba uku: wadda aka fi tsammani, mafi ƙaranci, da mafi yawa wadda damar kaiwa gare ta ɗaya ce cikin goma. Tazarar da ke tsakanin na ƙasa da na sama ita ke nuna yawan shakkun masana. Mai hikima yakan shirya wa ta sama, ya yi fatan ta ƙasa.

Kalmomi biyu da ke fitowa a waya suna da bambanci. "Watch" na nufin abin na iya faruwa, a shirya. "Warning" na nufin ya tabbata ko ya fara, a ɗauki mataki. Sunayen da ake ba guguwar hunturu kuwa, irin su Uri da Elliott, tashar talabijin ta The Weather Channel ce ke raɗa su tun 2012, hukuma ba ta amfani da su, kuma suna ba ya nuna ƙarfi.

A kula da ma'auni. Inci ɗaya santimita biyu da rabi ne, don haka inci 12 ya kai santimita 30. Digiri 32 a ma'aunin Amurka shi ne sifiri a namu, kuma idan aka ce sifiri a nasu, a namu 18 ne ƙasa da sifiri. Mazauna Kanada da Turai ba su da wannan matsala. A Faransa hukumar meteyo da launi take gargaɗi tun 2001: kore, rawaya, ruwan lemo da ja. A lardin Kebek na Kanada kuwa tayoyin hunturu wajibi ne daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris.

Sannan a wuce lambar dusa a duba abubuwa huɗu da suka fi ta kisa: ƙarfin iska, ko akwai ruwa mai daskarewa, awar da abin zai fara, da sanyin da zai biyo baya. Inci 3 da suka sauka daidai lokacin tashi daga aiki sun fi inci 10 na daren Asabar haɗari. Wanda ya maƙale a mota ya zauna cikinta, ya tabbata dusa ba ta toshe salansa ba kafin ya kunna inji. Wanda ya haura shekara hamsin ko yake da hawan jini ya yi hankali da kwasar dusa da shebur, domin duk hunturu tana jawo bugun zuciya.

Ga iyalai a gida kuma, idan aka ji shiru daga Amurka a irin waɗannan kwanaki, sau da yawa wuta ce ta ɗauke ko caji ya ƙare. Idan aiken wata ya makara da mako guda, a yi haƙuri. Matsin lambar da ke fitowa daga gida na cikin abin da ke fitar da matashi kan keke a daren da hukuma ta ce kowa ya zauna ɗaki, kuma kuɗin dare ɗaya bai kai a saye shi da rai ba.